Babi na Biyar: A Gyara Ajin Kafin a Tuhumi Yaron

Duk makarantar da aka gina, an gina ta ne da wani irin yaro a zuciya, ko da maginin bai taɓa furta haka ba. Yaron nan shi ne wanda bugun ƙararrawa ba ya firgita shi, wanda zai tsaya rabin sa'a a layin asambali kafaɗa na gugar kafaɗa bai damu ba, ya sa yunifom mai kaushi ya manta da shi a jikinsa, ya kuma tsinto muryar malami daga cikin surutun yara sittin. Yawancin yara haka suke, domin ƙwaƙwalwarsu tana tace abin da kunne da ido da hanci da fata suke kawo mata, ta riƙe mai amfani ta watsar da saura. Amma akwai yaran da wannan tacewa take tafiya a wurinsu ta wata hanya dabam, kuma mafi yawa a cikinsu masu larurar galahanga ne, wadda likitoci ke kira otizim. A wurinsu ajin da kowa ke gani daidai yana iya zama wuri mai ciwo tun daga safe har a tashi. Hujjar da wannan babi zai kafa guda ɗaya ce: idan irin wannan yaro ya kasa zama a aji, ajin ya kamata a fara bincika, kuma mafi yawan gyaran da ake buƙata ilimi ne da izini, kuɗi kaɗan ne a ciki.

Tun a 1943, lokacin da Leo Kanner, likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya bayyana halin yara 11 da suka zama tushen sanin wannan larura, ya lura da yadda ƙara mai ƙarfi ke razana wasunsu fiye da kima. Duk da haka sai a 2013 ne babban kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya sanya wannan bambanci a cikin alamomin da ake dubawa. Binciken da Susan Leekam da abokan aikinta suka wallafa a 2007 ya gano shi a fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da suka duba. Abin yana zuwa ta fuska biyu. Wani yaron komai yawa yake yi masa: ƙarar fanka, warin alli, ɗinkin wuyan riga, hasken da ke dawowa daga farin bango. Wani kuma kaɗan yake isa gare shi, sai ya riƙa neman ƙari, yana jujjuya jiki, yana tauna biro, yana karo da abokansa, har ya ji rauni bai yi kuka ba. Sau da yawa yaro ɗaya yakan haɗa duka biyun. Temple Grandin, farfesa a Jami'ar Jihar Kolorado wadda ita ma tana da larurar, ta sha bayyana cewa ƙararrawar makaranta ciwo take sa mata a kunne tana yarinya, tufafi masu kaushi kuma suna hana ta sukuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga, wato da wuya a sami babbar makarantar firamare da babu su a cikinta, ko an gane su ko ba a gane ba.

Lamarin bai tsaya a kansu ba. Yaro mai raunin ji da ke sa na'urar ƙara sauti yana shan wahala a ɗaki mai amsa-kuwwa, domin na'urar tana ƙara muryar malami tare da jan benci da tarin na baya. Zabiya, wanda idonsa ba ya jure haske kuma ganinsa gajere ne, ya rasa darasin ranar idan aka zaunar da shi gefen taga ko a bayan aji. Yaron da ke da larurar da ta shafi sarrafa gaɓoɓi yakan zabura jikinsa ya sandare idan aka buga ƙofa ba zato. Matsalar ita ce malami ba ya ganin ciwon, abin da ciwon ya haifar yake gani: yaro ya toshe kunne ana karatu, ya shige ƙarƙashin tebur, ya fita a guje ba izini, ko ya faɗi yana ihu. Sai a kira shi rashin kunya ko taurin kai, a wasu gidajen ma a ce iskoki ne. Hukuncin da ke biyo baya, tsawa ne ko bulala ko tsayuwa a rana, ƙari ne a kan ainihin abin da ya tayar da yaron. Gobe ya dawo da tsoro a kan ciwon jiya, ya fi saurin birkicewa, malami kuma ya ƙara tabbata cewa yaron ba ya gyaruwa. Haka ake ta zagaye har iyaye su gaji su ajiye shi a gida.

Aji abu ne da ake iya aunawa, kuma an auna shi. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke bayan muryar malami ta wuce desibel 35. Bridget Shield da Julie Dockrell sun zaga makarantun firamare na Landan da na'urar awo, suka sami matsakaicin ƙarar aji mai ɗalibai ya kai wajen desibel 72, alhali kowane ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar ne. A gwajin da suka wallafa a 2006 sun nuna cewa surutun yara yana rage ƙoƙarin kowa, amma ya fi yi wa masu buƙata ta musamman ɓarna. Ta fuskar ido ma haka ne. A 2014 Anna Fisher da abokan aikinta a Jami'ar Carnegie Mellon sun koyar da ƙananan yara 24 a ɗaki mai bango cike da hotuna da kuma ɗaki marar ado, suka ga hankalinsu ya fi watsewa a na farkon, abin da suka koya kuma ya ragu. A 2017 masu bincike a Jami'ar Durham sun bi motsin idon yara da na'ura, suka ga adon bango ya fi janye masu galahanga daga fuskar malami. Sannan a 2015 Peter Barrett na Jami'ar Salford ya nazarci azuzuwa 153 a makarantu 27, ya ƙiyasta cewa haske da iska da zafi da tsarin ɗaki suna da alhakin kashi 16 cikin ɗari na bambancin ci gaban ɗalibai a shekara guda. Abin da ke damun kowane yaro kaɗan kaɗan shi ne yake durƙusar da mai galahanga gaba ɗaya.

Wadda ta fi kowa mayar da wannan sani aikin hannu 'yar Afirka ce. A 2002 aka nemi Magda Mostafa, mai zanen gine-gine wadda ke koyarwa a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, ta tsara cibiyar karatun yara masu galahanga a Masar. Ta duba ƙa'idojin gini ta ga an yi maganar mai keken guragu da makaho, ba a ce komai a kan waɗannan yara ba. Sai ta tambayi iyaye da malamai me ya fi shafar 'ya'yansu a cikin gini, mafi yawansu suka ce sauti. Ta rage ƙara da amsa-kuwwa a ɗakin koyar da magana, ta kuma raba wani aji gida gida, kowane lungu da aikinsa, har da wani ɗan wurin da yaro zai keɓe idan abin ya yi masa yawa. A sakamakon da ta wallafa a 2008, yaran sun fi daɗewa hankalinsu na kan aiki, sun kuma fi saurin amsawa. Yaran da aka yi gwajin da su kaɗan ne, don haka ba za a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya dace da abin da aka auna a Landan da Durham. Daga nan ta fitar da ƙa'idoji bakwai: kula da sauti, jera ɗakuna yadda ayyukan yini ke bin juna, samar da wurin keɓewa, ware kowane aiki da wurinsa, sanya wurin shan iska tsakanin wuri mai hayaniya da mai shiru, nisanta ajin karatu daga kicin da filin wasa, da kiyaye lafiyar yara. A kansu aka tsara makarantar Advance da ke Alƙahira.

Ba kowace makaranta ce za a rushe a sake ginawa ba, shi ya sa doka ta bi ta wata hanya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin nakasassu, a sashe na 24, ta wajabta wa ƙasashe yi wa kowane ɗalibi gyaran da ya dace da buƙatarsa gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta ɗora wa makarantu irin wannan nauyi, kuma abubuwan da makarantun can suka saba yi sun cancanci a duba su da kyau. Ana barin yaro ya sa abin toshe kunne lokacin hayaniya. Ana ba shi kati da zai ɗaga ya fita na 'yan mintoci ba sai ya yi bayani ba. Ana sallamarsa mintoci biyar kafin sauran don kada ya shiga turmutsitsin baranda. Ana yarda ya sa riga mai laushi mai launin yunifom, ya ci abincinsa a ɗaki mai shiru, ya rubuta jarrabawa a ƙaramin ɗaki. Ana liƙa masa jadawalin yini da hotuna, a kuma gaya masa tun da wuri idan za a gwada ƙararrawar gobara, domin ƙarar da aka san tana zuwa ta fi sauƙin jurewa. Duk wanda ya bi wannan jeri da idon basira zai ga kusan babu abin saye a ciki. Hedimasta ne ya sassauta wata doka da tun asali an kafa ta don sauƙin gudanar da makaranta, ba don karatu ba.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma mafi nauyinsu ita ce an cika kasuwa da kayan da ba a tabbatar da amfaninsu ba. Wannan gaskiya ne. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara ɗakunan kwantar da hankali masu fitilu kala kala da kiɗa mai taushi a Holan, a hannun Ad Verheul da Jan Hulsegge, yau kuma makarantu a ƙasashe da dama suna kashe maƙudan kuɗi a kansu, alhali shaidar cewa amfaninsu yana bin yaro zuwa aji ba ta da ƙarfi. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce shaidar da ke goyon bayan hanyoyin jinyar da ke neman daidaita yadda jikin yaro ke karɓar sauti da haske da taɓi taƙaitacciya ce. Wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2014 ya nuna bargo mai nauyi bai ƙara wa yara masu galahanga barci ba, a 2008 kuma wani yaro ɗan shekara tara ya rasu a wata makaranta a lardin Kebek na Kanada bayan an naɗe shi a cikin irin wannan bargo. Sai dai duk wannan suka ta faɗa ne a kan kayan da ake ɗora wa yaro da nufin sauya shi. Kawar da abin da ke cutar da shi wani zance ne dabam. Wanda ya ce fitila mai ƙyaftawa tana sa masa ciwon kai ba ya buƙatar a jira sakamakon bincike kafin a kashe ta. Raunin shaidar kayan tsada ma ƙarin dalili ne na a fara da gyaran da ba ya cin kuɗi kuma ba ya da haɗari.

Hujja ta biyu ta fi kama zuciyar iyaye: duniya ba za ta yi shiru don ɗanka ba, kasuwa da tasha da gidan biki suna nan suna jiransa, idan aka lallaɓa shi a makaranta yaushe zai saba? Tambaya ce ta mai ƙauna, kuma Mostafa da kanta ta yi gargaɗin kada a mayar da makaranta wurin da yaro zai iya aiki a cikinsa kaɗai ya kasa a waje. Maganin da ta kawo shi ne ɗakuna hawa hawa: a fara koyar da sabon abu a mafi shiru, idan ya zauna sai a matsa zuwa mai ɗan ƙara, har a kai ga aji irin na kowa. Sabo yana samuwa ne idan abin ya zo kaɗan kaɗan, yaron ya san yana zuwa, ya kuma san yana da hanyar fita. Jefa shi cikin abin da ya fi ƙarfinsa kullum tsoro yake koya masa, ko kuma ya koya masa danne ciwon a makaranta ya je gida ya fashe, malami na cewa lafiya lau yake, uwa na cewa ba ta gane ɗanta ba. Kuma babba mai irin wannan larura yana zaɓen sana'arsa, da lokacin zuwa kasuwa, da inda zai zauna a taro. Ɗalibi ne kaɗai doka ta tilasta wa zama a wuri ɗaya sa'o'i biyar ko shida. Koya masa gane alamar cewa ya kusa cika, da neman hutu kafin ya birkice, shi ne ainihin shirin fuskantar duniya.

Ta uku ita ce maganar adalci da tarbiyya: idan aka bar ɗaya ya fita yadda ya ga dama, me za a ce wa sauran? Al'ummar da ta san cewa marar lafiya yana salla a zaune, matafiyi yana ajiye azumi, ba a kuma taɓa kiran haka son kai ba, ba ta buƙatar dogon bayani a nan. Manufar doka ake kiyayewa, kuma manufar dokar aji ita ce kowa ya koyi karatu. Yara ma sun fi manya saurin fahimtar haka idan aka yi musu bayani a sarari, ba tare da an tozarta ɗan'uwansu ba. Amma dole sassaucin ya zama mai ƙa'ida: a san inda yaron zai je, da minti nawa zai yi, da wanda ke ganinsa, da cewa aikin da ya bari yana jiransa. Akwai kuma iyaka da ba a ƙetarewa. Wurin keɓewa wuri ne da yaro ke zuwa da ƙafarsa ya fito da ƙafarsa. Ranar da aka tura shi ciki da ƙarfi, ko aka rufe ƙofa a kansa, ya zama kurkuku, kuma ba zai sake neman sa ba lokacin da yake buƙatarsa.

Mai karatu a Kano ko Gusau zai ce duk wannan zancen masu hali ne. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma azuzuwan gwamnati masu ninki biyu ko uku na haka ba baƙon abu ba ne, ga rufin kwano ba silin, wanda ke gasa yara da bazara ya kuma haɗiye muryar malami idan ruwa ya sauko. Ba za a yi wa malamin da ke riƙe da yara ɗari ƙaryar cewa zai iya komai ba. Yana buƙatar mataimaki da ragin ɗalibai, kuma wannan bashi ne a wuyan gwamnati. Najeriya ta amince da yarjejeniyar 2006 a 2010, a Janairun 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba su haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika. Duk da haka, akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Zaunar da yaro a gaba ta gefen bango, nesa da ƙofa, kyauta ne. Haka barin zabiya ya sa hula ya matso kusa da allo, da yi wa yaro ishara kafin a buga ƙarfen tara, da barinsa ya tsaya a ƙarshen layi, da ba shi izinin zama a inuwar bishiyar da malami ke hangowa lokacin da aji ke bitar karatu da murya ɗaya. Ɗaura tsohuwar roba a ƙafar benci da shimfiɗa asabari a ƙarƙashin kwano aikin ƙungiyar iyaye da malamai ne na yini guda. Sabon ajin da za a gina kuwa, sanya silin a sharuɗɗan kwangila ya fi arha a kan gyara daga baya.

Wasu za su ce a kai su makaranta ta musamman kowa ya huta. Akwai yaran da ƙaramin aji da ƙwararren malami ne kaɗai zai amfane su, kuma makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, mai karantar da kurame da makafi, suna da aikin da ba a raina shi. Amma irinsu kaɗan ne, a birane suke, kuma yaro 1 cikin 100 ya fi ƙarfin kujerunsu nesa ba kusa ba. Abin da yakan faru idan makarantar unguwa ta ce ba ta iya wa yaro shi ne zaman gida. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatoci 92 suka amince a Salamanka ta ƙasar Sifen a 1994 cewa makarantar kowa ita ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, Italiya kuma ta soke azuzuwan wariya tun a 1977. Sai dai rubuta sunan yaro a rajista a bar ajin yadda yake bai cika wannan alkawari ba, wahalar kawai aka sauya wa wuri. Ko a wace makaranta aka sa shi, tambayar ƙara da haske da cunkoso tana nan tana jiran amsa.

Amsar kuwa ba ta buƙatar takardar likita, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ƙwararrun da ke tantance wannan larura kaɗan ne ƙwarai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ke magana a tambaye shi me ya fi damunsa a makaranta. Wanda ba ya magana a tambayi mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da sanin rigar da yake ƙi da ƙarar da ke sa shi kuka. Malami ya rubuta na sati biyu lokacin da yaron ke birkicewa da abin da ya faru dab da haka, sannan a sauya abu ɗaya a ga ko an sami bambanci. Abin da aka gano a rubuta shi a shafi guda ya bi yaron zuwa aji na gaba, don kada kowane sabon malami ya faro daga farko. Wannan ilimi yana nan a Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo da sassan ilimi na musamman a jami'o'in Bayero da Jos, amma an killace shi ga masu ƙwarewa a fannin, alhali yaran suna gaban malamin aji na yau da kullum. Wajibi ne ya shiga horon duk mai neman takardar koyarwa, ya kuma shiga takardar mai duba makarantu, ta yadda duk hedimastan da ya ce wani yaro ya gagare shi za a tambaye shi abin da ya sauya a ajin kafin ya kai ga wannan hukunci.